Wuta a Ƙarƙashin Sirdi

Alkasim mai gyaran keke ne a wani ƙauye kusa da Sassumbrum, kuma hannunsa ba ya ganin abu ya ƙyale. Da kakar bara ya tara matattun tociloli, ya ciro ƙananan ƙwayayen nan masu farin haske, ya jera su a gwangwanin tumatir, ya liƙe wayoyin da dalma. Fitilar keke ta fito tsaf. Aibinta ɗaya, cin pil, wato ƙananan baturan tocila. Kafin kasuwa ta zagayo hasken ya koma ja.

Ranar kasuwa yayarsa Ƙande ta aike shi sayo isansi, wato fetur, na injin niƙanta. Da ya cika bido, jarkar man, sai ya biya rumfar Wakili mai kayan salula. Cikin tsoffin batura ya hango wani babba, cikinsa ya ɗan taso.

"Ajiye wannan, Malam Alkasim," in ji Wakili. "Ya kumbura. Ga ƙarami lafiyayye."

"Ƙaramin nan ba ya kai ni gida. Wannan kuwa a yi masa caji sau ɗaya, a manta."

"To, ni dai na faɗa maka."

Alkasim ya biya kuɗin, nan bakin rumfar ya haɗa wayoyin fitilar, ya cusa batirin ƙarƙashin sirdi, ya naɗe shi tamau da robar tayar keke. Bidon kuma ya ɗaure a baya, marfinsa a toshe da leda don yana yoyo.

Ya bar kasuwa a makare. Ya yi sallar magariba a bakin hanya, ya kunna fitila. Haske ya zuba a kan rairayi, har sawun amalanke yana gani ɗaya bayan ɗaya. Dama da hagu gonaki ne da aka gama girbe, busasshen kara a tsaye, ga damman gero jingim ba a kwashe ba.

Yana cikin tafiya sai hasken ya yi rawa. Ya ɗauka waya ce ta saki. Can kuma ya ji ɗumi a cinyarsa, sannan wani wari ya bugi hancinsa, kamar ana ƙona roba.

Ya diro daga keken. Da ya kai hannu ƙarƙashin sirdi sai ya janye da sauri. Batirin ya cika fam, yana wani siririn huci, hayaƙi na fita ta gefensa. Tsakaninsa da marfin bidon bai kai taƙi guda ba, ledar kuma jiƙe take sharkaf.

"Innalillahi," ya faɗa.

Zuciyarsa ta ce ya saki keken ya ruga. Amma in keken ya faɗi, isansin zai malale, ga kara, ga hatsin mutane na shekara guda. Ya tokare keken da ƙugunsa, ya fizge wayoyin. Fitila ta mutu, duhu ya rufe shi, hucin kuwa bai tsaya ba.

Ya lalubi ƙullin robar. Shi ya ɗaure ta da ƙarfinsa, yanzu ta ƙi farce. Wuƙarsa na aljihun ɗaya ɓangaren. Ya karkace ya zaro ta, ya buɗe da haƙori, ya shiga yanka a makance, yana tsoron kada tsinin ya huda batirin. Robar ta tsinke ta zabge shi a fuska. Ya damƙi batirin da hannu tsirara, ya wurga shi tsakiyar hanya.

Ko ƙasa bai gama zama ba ya yi tsartuwa, wuta ta tashi fara fat. Alkasim ya ja keken nesa, ya jingina shi da wata aduwa, ya dawo yana ɗiban rairayi yana zubawa. Wani tartsatsi ya kama ciyawar gefe, ya bi ya tattake da takalmi. Bai bar wurin ba sai da ya tabbata ƙasar ta huce.

Tura keken ya yi har gida. Ƙande na tsaye a ƙofa da tocila, ta haska hannunsa, ta ga yatsu uku sun yi bororo.

"Subhanallahi! Ƙanena, me ya same ka?"

"Yaya, sauke bidon nan tukuna, ki kai shi nesa da murhu."

Ta sauke, ta kawo ruwan randa a ƙwarya. Ya zauna bakin zaure ya tsoma hannun, ya fara ba ta labari.