Gangata Ba Ta Ƙarya

Dutsen nan mai aman wuta da ke bisa kanmu ya sha neman raina, har yau bai samu ba. Ya ƙone mini gida, na sake ginawa. Ya gasa mini shanu a turke, na sake kiwo. Ya bar mini tabo daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, kuma da hannun nan nake cin shinkafata. Ni ne Ngadiran, yara da manya Mbah suke ce mini, wato kaka. Ban taɓa zama a aji ba, amma rabin masu digirin ƙauyen nan ni na koro uwayensu daga gaban wuta suna goye da su.

Aikina ganga ce. Kentongan muke kiranta, kututturen itace ne da aka fafe cikinsa, a rataye a rumfar tsaro ta bakin hanya. Sandar bugunta tana hannuna tun zamanin kakan mai unguwar yanzu. Idan na yi mata bugun nan na ba tsayawa, mai wanka ma da kumfa yake fitowa, kowa ya gangara. Abin da ya sa suke gudu kuwa, ban taɓa buga ta a banza ba. A ƙauyen su matata, can ƙetaren kwari, mai gangarsu matsoraci ne, ko tsawa aka yi sai ya buga. Mutane su gudu, su dawo su tarar lafiya lau, sai dai kaji sun ragu. Ranar da dutse ya zo da gaske ya buga har hannunsa ya fashe, mata suka ci gaba da girkinsu. Uwar matata da ƙannenta biyu suna ƙarƙashin tokar nan.

Yanzu zamani ya kawo oba-oba, 'yar rediyon hannu. Hukuma ta dasa na'ura a jikin dutsen, ita kuma tana aiko da wani fito ta rediyo. In dutse yana barci fiton a miƙe yake, in ya motsa sai fiton ya riƙa rawa. Kowane gida akwai oba-oba, mai yankan ciyawa ma da ita a ƙugu yake hawa gona. Ban ƙi ta ba. Kunne ne mai kyau, amma ba ita ke cewa a gudu ba.

Sai ga Bu Winarsih, Bu ɗin kamar a ce uwargida ne. Ungozoma ce da ta yi ritaya a birni, tana da ƙungiya ita da wani tela da wani bakanike da wasu, sha'awarsu sauraren sama, musamman rana, da rediyo. Ta ce birni ya cika hayaniyar wutar lantarki, tana roƙon gefen gonata ta kafa eriya. Wayoyi biyu ne kawai a kan gorori. 'Yan ƙauye suka yi ta dariya, wai Mbah ya tsufa an shanya masa igiya babu wanki. Ni ma na ce mata rana ba ta da baki, me za ta faɗa? Ta ɗora mini abin ji a kunne wani hantsi, ta ce in yi haƙuri. Sai na ji wani huci ya taso kamar igiyar ruwan tekun kudu, ya cika kaina, sannan ya ja baya a hankali. A kwamfutarta wani layi ya miƙe tsaye ya sauko kamar ƙahon saniya. Ta ce wuta ce ta fashe a jikin rana, wannan ƙararta ce. Na ce ashe ita ma dutse ce, gyatsa take yi. Daga ranar na bar su, suna kawo mini taba mai kanumfari, ina gaya musu abubuwan da littafinsu bai sani ba.

Ranar da nake ba ku labari, makon ne da dutse ya ɗan yi tari, kowa a tsorace. Rana ta kusa tsaka, ina rumfa ina cin dafaffen rogo, sai oba-obar da ke rataye ta shaƙe. Fiton ya ɓace, wani irin huci ya maye gurbinsa. Ba tawa kaɗai ba, ta kowa. Mutanen da ba su taɓa jin fiton ya yanke ba suka yanke hukunci nan take: dutse ya haɗiye na'urar, yana tafe. Masu ciyawa suka zubar da kaya suka gangaro. Kafin in haɗiye lomar bakina rumfa ta cika.

Mai unguwa Suparlan ya ratso su, da hularsa a karkace. Yaro ne da na sani yana bin awaki ba wando. Ya ce, "Mbah, buga."

Na ɗaga kai na dubi dutse. Hayaƙinsa fari, yana tashi a sanyaye. Birai ba su sauko ba, ƙasa ba ta yi mini magana a tafin ƙafa ba. Kuma hucin nan na san shi, na taɓa jinsa. Na ce masa a dakata.

Ya ce ba shawara yake nema ba, umarni ne.

Daidai nan Bu Winarsih ta iso daga gonata, tana haki, kwamfutarta a buɗe a hannu kamar mai tallan tempe, wainar waken soyarmu. Ta ce rana ce, babbar fashewa, ba su taɓa kama irinta ba. Ta ce ta buga waya ga ɗan ƙungiyarsu a wani tsibiri mai nisa inda ko tudun kirki babu, shi ma a daidai lokacin rediyonsa ya shaƙe. Wani daga bayan taron ya ce ai wayoyinta ne suka jawo masifar. Ta ce wayarta ba ta aika komai, ji kawai take yi, kamar kunnensa, sai dai ita tana wanke nata. Wasu suka yi dariya ba su shirya ba.

Suparlan ya tambaye ta ko za ta rantse dutse lafiya yake. Matar nan ba ta da ha'inci. Ta ce, "Pak Suparlan, ni rana na sani. Abin da ya toshe rediyo, rana ce. Dutse kuwa, muddin hucin nan yana nan, ba mai jinsa, har ni."

Sai duk idanu suka dawo kaina. Na gane sarai abin da ke gabana. In na ƙi bugawa dutse ya zo, jinin mutanen nan a wuyana. In na buga bai zo ba, na kashe gangar, kuma jinin yana nan yana jirana wata shekara. Bu Winarsih ta riga ta gaya mini rana ta shiga shekarunta na fushi, za ta yi ta wannan gyatsa. Yau in buga, jibi in buga, kafin girbi na zama mai gangar ƙauyen su matata.

Na ce kowa ya je ya juya babur ɗinsa ya fuskanci gangare, makulli a jiki, kamar yadda muka saba in dutse yana tari. Tsofaffi da masu jego su zauna bakin hanya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya gangara, ba mai zaginsa. Amma ganga ba zan buga ba.

Suparlan ya miƙo hannu zai ɗauki sandar. Na riga shi, na sa ta ƙarƙashina na zauna a kai.

"Ka ɗaga ni ka ɗauka," na ce. "Dutse ya gwada, bai iya ba."

Ya ce in wani abu ya faru, ni zan amsa. Na ce ai ni ne na ƙarshe a rumfar nan kullum, in wuta ta zo ni za ta fara tambaya. Ya tsaya yana huci ya fi rediyon. A ƙauyenmu ba a ɗaga tsoho daga mazauninsa, ko mai unguwa ne, kuma ya sani.

Aka watse ana gunaguni, babura suka yi ta juyawa. Gida uku ko huɗu suka gangara, ban ga laifinsu ba. Ni dai na kafe dutse da ido, ko ƙiftawa ban so yi ba, hannuna ɗaya a kan bakin sandar. Wasu na cewa sun ga ƙafata tana rawa. Sanyin ƙashi ne, na daɗe da shi. Bu Winarsih ta tsuguna kusa da ni tana kallon layinta, tana ce mini ya fara saukowa, Mbah, yana saukowa.

Kafin ladan ya kira azahar hucin ya fara sirancewa. Can ƙarƙashinsa sai ga fiton, siriri, a miƙe kamar zaren tela. Na ciro ragowar rogona na ci gaba da ci.

Kada ku ɗauka an gode mini. A taron ƙauye Suparlan ya ce na ƙi bin umarni a gaban jama'a, don haka in miƙa sandar, kuma a tuge wayoyin baƙi. Na ce wayoyi a gonata suke, gonar da na tono daga ƙarƙashin toka da hannuna, wanda ya taya ni tono ya zo ya tuge. Sanda kuwa tana rumfa inda take kullum, duk mai jin zai iya sanin ranar bugu da ranar bari ya je ya ɗauka. Aka yi ta kallon juna ana kurɓar shayi. Har aka tashi ba wanda ya ce shi ne.

Bayan 'yan makonni rana ta sake yi, da hantsi. Oba-oba suka shaƙe. Na ga mata sun leƙo daga ƙofofi, maza sun tsaya da lauje a hannu, duk suna duban rumfa. Ina zaune, sanda a cinyata, idona a kan dutse. Suka juya baburansu, suka koma yankan ciyawa. Suparlan ma ya wuce ta gabana, ya rage tafiya, ya dubi gangar, ya dubi hannuna, ya ce barka da hantsi, Mbah. Na ce ya gyara hularsa.