Minti Ɗayan da Yaya Ya Ba Auta

Wanda ya ce kishi sai mata, bai taɓa zama da 'yan'uwa biyu masu mota ba.

Shekara goma sha huɗu Yaya ne ke kai Inna gidan ƙanwarta duk ranar Asabar, can saman tudu a bayan gari. Bakanike ne, motarsa kuwa irin ta da ce, silinda takwas, bonet kamar gado. Giwa yake ce mata. In ya tayar da ita a ƙofar gida, sai kofunan da ke kan tebur sun amsa. Inna kan hau da ƙyar tana "wayyo gwiwata", shi kuma ya tallafe ta, yana jin duk duniya babu ɗa kamarsa.

Kwatsam sai Auta ya sami ƙarin girma a wurin aiki, ya sayo wata 'yar mota ja mai silinda uku. Yaya ya buɗe bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Ina injin? Ko a shago ka manto shi?"

"Ga shi nan, Yaya. Mai turbo ne."

"Wannan ai keken ɗinki ne. Giwa da hancinta take shaƙar iska. Taka kuwa ɗura mata ake yi da fanka, kamar yaron da ya ƙi magani."

"Ba komai," in ji Auta. "Mu haɗu a tudu."

Ranar Asabar Inna ta fito da jakarta, ta dubi wannan, ta dubi waccan. "Bari in ɗana ta Auta," ta ce, ta shige ba ko wash. Yaya ya bi su a baya, kujerar gefensa wayam. Da aka fara hawa, Giwa ta kama gurnani tana kwankwaɗar fetur, 'yar jar nan kuwa ta yi wani ɗan fito siriri, ta ɓace a kwana.

Ya iske su a sama daidai lokacin da Auta ya tsaya, ya ga ya murɗe makulli ya kashe motar nan take.

To, ga abin da Yaya ya sani, Auta bai sani ba. Turbo in ya sha irin wannan hawa, yakan yi zafi kamar ƙarfe a maƙera. Sai an bar inji yana aiki a tsaye na minti ɗaya, baƙin mai ya zaga ya sanyaya shi. In aka kashe da zafinsa, man da ke ciki ya ƙone ya daskare, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya ci shi. Yaya ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji Inna tana ce wa ƙanwarta, "Ke, a wannan har hira muka yi! Ashe ana jin magana a mota ba sai an yi ihu ba?"

Bakin ya rufe.

Asabar ta bi Asabar. Yaya bai fasa bin su ba, wai ko za a buƙace shi. Duk zuwa sai ya ga hannun Auta ya tafi ga makulli, duk zuwa sai ya ɗaga kai yana duban sama. Matarsa ta ce, "Maigida, ka rame." Ya ce aiki ne.

A wata na shida 'yar jar ta shigo gareji tana tari, shuɗin hayaƙi na bin ta. Auta ya fito jiki a sanyaye.

"Yaya, me na yi mata?"

"Ai na faɗa maka. Kuturu da kuɗinsa ma ba ya sayen keken ɗinki ya hau tudu."

Asabar ɗin nan Inna ta koma Giwa. Yaya ya wanke ta tun da safe, ya sa matashi a kujera, ya ajiye ɗan akwati a ƙasa don takawa. Duk hanya yana murmushi shi kaɗai. Da suka kai sama ya kashe, shiru ya sauka, Inna ba ta taɓa ƙofa ba.

"Babba," ta ce, "tun kuna yara, in ka ga ƙaninka zai taka ƙaya, ba ka ture shi, ba ka kuma hana shi. Sama kake kallo. Wata shida ina ganin ka ta madubi kana kallon sama. Ban san mota ba, amma na san ɗana."

Ta sauka da kanta, ba ta ba shi hannu ba.

Kwana huɗu Yaya ya yi a kan keken ɗinkin nan, bai bar kowa ya sa hannu ba. Da ya gama ya kira Auta, ya kama masa wuyan hannu a kan makulli.

"In ka hau tudu, ko ka yi doguwar tafiya, kar ka kashe. Ƙirga sittin tukuna."

"Don me ba ka..."

"Ƙirga sittin na ce!"

Asabar ta zagayo. Inna ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta shiga 'yar ja. Yaya ya bi su. A sama ya tsaya, ya kashe Giwa, ya fito don ya buɗe mata ƙofa.

Ba su fito ba. Injin na aiki a hankali, gilashi a rufe. Auta ya faɗi wani abu, Inna ta kwashe da dariya har tana dukan kafaɗarsa, ta gyara zama kamar mai shirin sabon labari. Yaya na tsaye a rana, hannu a aljihu, yana ƙirgawa a zuci. Ya kai sittin. Ya kai tamanin.

Ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Minti ɗaya na ce, ba wuni ba!"

Inna ta ɗan sauke gilashin. "Bar ta ta huce sosai, Babba. Ai kai ka ce."

Ta mayar ta rufe.