Tafiyar Umma a Kan Dandamali

Ta daɗe tana wasan kwaikwayo a gidan rediyo, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa Anti Rediyo yake ce mata. A wani ɗan ɗakin ɗaukar murya da ko taga babu ta yi amarya, ta yi alƙaliya, ta yi tsohuwa mai faɗa, duk a zaune kan kujera ɗaya, bakinta a jikin makirufo. Da gidan ya canza hannu, sababbin masu shi suka rufe sashen wasanni suka cike gurbin da kiɗa da talla. Ta wayi gari ga murya a baki, babu inda za ta kai ta.

Wata ƙungiyar wasan dandamali ce ta ce ta zo, amma da sharaɗi: duk mai son hawa dandamalinsu sai ya bi ta hannun mai horar da su. Ɗalibai Malam Ƙafa suke ce masa a bayan idonsa, don ba ya buɗe baki bai ce "ƙafa tukuna" ba. Ta girme shi nesa ba kusa ba.

A wani tsohon sito ake ajin. Siminti ne tsura, da fanka ɗaya mai kuka, tagogin kuma can sama kusa da rufi, ba ka ganin komai ta cikinsu. Ranar farko ta ɗora gilashinta na karatu tana jiran a miƙo mata takardar wasa.

"Anti, a ajiye jaka, a cire takalmi," in ji Malam. "Nan baki ba ya magana sai jiki ya iya tasa."

"To me za mu yi?"

"Tafiya."

"Malam, ai da ƙafata na zo."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Su yi tafiyar mai ɗauke da tulu, su yi ta wanda aka kira bai san dalili ba, su faɗi, su tashi, su sake faɗuwa. Yaran da ta kusa haifa suna lanƙwasa kamar roba, ita kuwa gwiwoyinta sai ƙara. In aka ce ta nuna baƙin ciki, sai ajiyar zuciya ta kufce mata, irin wadda ta sha sa masu sauraro hawaye.

"Na ji," Malam zai ce. "Amma ban gani ba. Daga wuya zuwa sama kina da rai, Anti. Daga wuya zuwa ƙasa kamar aro kika yi."

Daga sito sai gida, ɗakuna biyu a saman bene, inda mahaifiyarta, Umma, take kwance. Shanyewar ɓarin jiki na hagu ta kama Umma, ta tafi da yawancin maganarta. Ƙanwarta Auta, mai ɗinki, ita ke zama da ita da rana, da Anti ta dawo sai ta karɓe ta. Wanka, abinci, magani, da rakiyar banɗaki, Umma na dogara sanda, ita tana biye da hannu a buɗe ko za ta faɗi. Ban da waɗannan wurare biyu ba ta zuwa ko'ina.

Da lokacin rabon matsayi a sabon wasa ya matso, Malam ya faɗa mata gaskiya. In jikin bai motsa ba, bayan labule za a sa ta, ta riƙa karanta sanarwa. Sannan ya ba ajin aiki: kowa ya kawo tafiyar wani da ya sani sosai.

Ta shirya ta maƙwabcinsu mai gyaran agogo, mai tafiya kamar yana neman allura a ƙasa. Amma da ta tsaya a tsakiyar simintin, idanu duk a kanta, sai ta neme ta ta rasa. Kafaɗarta ta hagu ta sauka da kanta. Hannun ya naɗe ya manne a ƙirji. Ta jefa ƙafar dama, ta hagu ta biyo a ja, tana zagayowa ta gefe. Ta tsaya, ta kalli ƙofa kamar mai auna nisan da ya rage, ta haɗiye yawu, ta sake ja.

Sito ya yi tsit, sai kukan fanka.

"Wa ya koya miki wannan tsayawar?" in ji Malam a hankali.

"Ba kowa."

"To yau kin shigo ajina."

Ya ba ta matsayin tsohuwar da ke cikin wasan, ya sake gina wasan gaba ɗaya a kan tafiyar. Kullum sai ta maimaita ta har rigarta ta jiƙe. Ya fara neman ƙari: yaya tsohuwar take zama, yaya take shan ruwa? Sai Anti ta tsinci kanta tana riƙe wa Umma kofi, amma idonta na kan leɓen da ruwa ke zuba ta gefensa, tana haddacewa. Abin ya riƙa ci mata rai, kuma ta kasa dainawa.

Wata rana bayan an tashi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, a canza min tafiyar nan. Mai ita tana da rai. Mahaifiyata ce."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ba ba'a kike mata ba, Anti. In kina da wata, kawo, zan duba."

Ta gwada ta mai agogo, ta gwada ta wata mai shara a tsohon ofishinsu. Shi da ita duk sun ga babu komai a ciki. Ga shi an riga an manna hotunan wasan a gari, sauran 'yan wasa kuma duk a kan takunta suka saita nasu.

Ana saura kwanaki a fara, ta dawo da yamma a gajiye liƙis. Ta ɗebo ruwan wanke hannu a kwano ta nufi ɗakin Umma, hankalinta na can sito. Ba ta san kafaɗarta ta sauka ba, ba ta ji ƙafarta na ja ba.

"Yaya!" Auta ta daka mata tsawa daga kan keken ɗinki.

Ta duba ƙasa, ta ga ƙafar a karkace. Ta ɗago. Umma na zaune a bakin gado, ta zuba mata ido. Ɓarin fuskarta mai motsi ya yi rawa kaɗan, sannan ta juya kai.

"Umma, ba abin da kike zato ba ne."

Umma ta ture kwanon da hannunta mai lafiya, ruwan ya malale a ƙasa.

Auta ta ja ta zuwa matakala, ta rufo ƙofa. "Dama abin da kike zuwa koyo ke nan? Ki kai Umma gaban jama'a a yi kallo?"

"Aikina ne, Auta. Ba wanda ya san ita ce."

"Ita ta sani."

"To in bari? In na bari, wa zai ɗauke ni? Kekenki ne zai riƙe gidan nan shi kaɗai?"

Suka tsaya a matakalar har maƙwabci ya zo wucewa suka ba shi hanya.

Wasan ya karɓu. Aka yi ta tafi, wata mata ta biyo ta bayan labule tana kuka, ta ce mahaifinta ta gani sak. Wasu ƙungiyoyi suka fara nemanta, masu shirya fim ma suka aiko. Kowa tsohuwar nan yake so, da jan ƙafar, da hannun a ƙirji. Ba wanda ya tambayi muryarta. Ta karɓa, don babu wani aikin.

Umma ta daɗe ba ta cin abinci sai daga hannun Auta. A hankali ta sauko, ta yarda Anti ta yi mata wanka, ta taje mata kai. Amma ba ta ƙara tashi tsaye a gaban idonta ba. In za ta banɗaki, sai ta ɗaga hannu ta nuna mata bango.

Anti takan juya ta fuskanci bangon, hancinta kusa da fenti, tana jin sanda na bugun ƙasa, ƙafa na biyowa a ja. Wani lokaci ƙarar sai ta ɗauke a tsakiyar ɗaki, shiru ya yi tsawo.

"Umma, in juyo?"

Sai Umma ta buga sandar da ƙarfi, alamar a'a. Haka za ta tsaya har ta ji an tura ƙofar banɗaki.