Hannun Ya Kaka

"Yau kuma ina ne na karye?" Ya Kaka ta tambaya, tana miƙa wa jikanta hannu.

"Gwiwar hannu," in ji Abarshi. "Kin faɗo daga raƙumi."

"Ni da ban taɓa hawa ba! Kai dai maigidan nan, ba cefane, ba zane, sai karaya duk Juma'a."

Ya yi murmushi ya ci gaba da naɗa mata bandi, farin ƙyallen ɗaurin rauni, daga tsintsiyar hannu zuwa sama. Guda uku gare shi, sun sha wanki har sun yi laushi.

Abarshi masanin kayan tarihi ne. Ya yi karatu a Yamai, ya yi shekara uku tare da wasu Nasara yana haƙo tukwanen mutanen da a duwatsun Tarmit. Da shekarun fari suka zo aka naɗe aikin, ya dawo Gure ya zauna. Mutanen gari, da ba su rasa abin faɗa, suka sa masa Mai Tsingaro. Abu ɗaya ya rage masa: wasiƙar shugaban masu haƙar, cewa za su dawo bayan damanar 1975, da gurbin ɗan ƙasa guda, amma sai mai katin taimakon gaggawa wanda bai mutu ba, don Tarmit ba likita. Katin kuwa shekara guda yake yi. Sau biyu Abarshi yana sabunta shi, kuma hannun Ya Kaka ne makarantarsa.

* * *

Ranar Litinin mai horarwa, wanda ake ce wa mushe, wato malam, ya zo daga Damagaram sabunta katuna. Ƙarfe tara za a fara, kowa da bandinsa, ya ɗaura a gaban mushe a buga masa tampo, wato hatimi, a katinsa. Abarshi ya sa farar rigarsa ya fita da wuri.

A rijiyar dabbobi ya tarar da cincirindo. Wani makiyayi, Ibram, raƙumin da ke ja masa guga ya firgita, igiya ta naɗe masa hannu ta yage naman. Jini na tsartuwa, wani dattijo na ta zuba masa ƙasa.

Gaskiya ita ce Abarshi ya ɗaga kai ya dubi rana. Har ya yi taku biyu zai wuce. Sai ya ji kunyar kansa ta kama shi, ya kutsa ya durƙusa.

"Baba, bar zuba ƙasar nan! Ku ba ni ruwa. Kai, ɗaga masa hannun sama."

Ya danne da tafinsa, ya ɗaura bandi na farko ya jiƙe, ya ƙara na biyu, ya tamke da na uku. Aka ɗora Ibram a jaki, Abarshi na gefe riƙe da hannun har gidan likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ɗaurin ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Lokacin rana ta kusa tsaka.

* * *

Ya iske mushe a rumfa yana tattara takardu. Katuna na jere a tebur, tawadar tampo na bushewa. A benci ga Ɗan Kasuwa, ɗan wan wani babba a biro, wato ofishin hukuma, yana fifita da bandinsa, sabo fil, ko takardar da aka naɗe shi ba a yage ba.

"Mushe, a yi haƙuri, na makara. Mutum ne ya ji ciwo a rijiya, na tsaya."

Mushe ya dube shi daga wuya zuwa ƙafa. "Haka ake zuwa gaban hukuma, kamar mahauci? Ina bandinka?"

"Suna hannun mutumin. Ka aika a tambayi majo."

"Ni ba majo ya aiko ni ba. An rufe sunaye. Sai baɗi."

"Ka gwada ni yanzu, ko da rawani ne. Katina jibi zai mutu."

"To, Allah ya ji ƙansa," in ji mushe. 'Yan benci suka kwashe da dariya.

Abarshi ya dubi tebur. Ya ga sunan Ɗan Kasuwa a katin da ke sama, tampo ya zauna daram. Ya juya ya fita, jinin Ibram na bushewa a ƙirjin rigarsa.

* * *

Bayan damana motocin masu haƙa biyu suka tsaya a Gure shan ruwa. Shugaban ya rungume Abarshi, ya juya katin gaba da baya, ya ce wallahi bai ji daɗi ba, amma dokar daga Yamai take, kuma biro ya riga ya ba shi mutum. Abarshi ya tsaya a bakin hanya har suka tashi. Ɗan Kasuwa na kujerar baya da sabuwar malafa, shi da bai san tsingaro da dutse ba.

Ran Juma'a Biba, matar Ibram, ta yi sallama. Ta ajiye ƙwaryar nono da bandi uku a naɗe. Ta ce mijinta har ya fara jan guga, kuma a yi haƙuri, ta wanke iya wankewa, tabon ya ƙi fita.

Da ta tafi, Ya Kaka ta jawo tabarma ta zauna kusa da shi. Ta naɗe hannun rigarta.

"Yau ina na karye, maigida?"

"Ba ki karye ba, Ya Kaka."

Ba ta janye hannun ba. Yana nan a miƙe, siriri. Abarshi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya warware bandi ɗaya, ya juya tabon ya koma ciki, ya fara naɗawa daga tsintsiyar hannu.