Kwanukan Zalika

Shekara bakwai Zalika tana sayen kifi a Tunuga, ta banda shi, ta kawo kasuwar Gaya a jirgin ruwa na haya. Ran da mai jirgi ya ƙi zuwa, sai kasuwa ta tashi ba ita, ƙwari su yi ta cin kifi. Da hakan ta faru sau uku a damina guda, ta ce ya isa, jirgin kanta take so.

Akwai kantin wani Bature a bakin kogi da ke ba 'yan kasuwa rance. Ta je ta gaida malamin kantin, ta faɗi buƙatarta.

"Ina takardarki ta lanho, shaidar biyan haraji?"

"Tun da maigidana ya rasu, sunana yana ƙarƙashin na ƙanena Yakuba."

"To ki turo shi. Magidanta muke ba."

"Malam, gero Yakuba ke nomawa. Ko kuɗin kwando guda bai sani ba."

"Iya, ni ma haka na tarar."

Da Yakuba ya ji, ya ce, "Yaya, in karɓo miki mana."

"Sunan wa za a rubuta?"

Ya sosa ƙeya.

"Ba kai nake tsoro ba, ɗan'uwana. Ran da ba ka, 'ya'yanka su gaji jirgi, nawa suna bakin ruwa suna kallo."

Da safe ta sauke jeren ɗakinta kaf, har kwanukan da ta gada wurin uwarta. Maƙwabta mata biyar suka taya ta ɗauka zuwa gidan Alfari mai sassaƙar jirage.

Tsohon ya kwashe da dariya. "Zalika, nan kasuwar amare ce?"

"Baba Alfari, 'yan mata huɗu gare ka, kowacce sai an yi mata jere. Kira Inna Zeinabu ta duba."

Matarsa ta fito, ta zauna a tabarma, tana ƙwanƙwasa kowane kwano da farce tana sauraro. Ta ware biyu masu tsaga.

"Malam, wannan ya yi jirgi. Amma ban da filafilai na tuƙi."

"Filafilai ni zan nema," in ji Zalika.

Kwana arba'in aka yi ana sassaƙa, ita kuwa a ƙwarya take cin tuwo. Ran da aka tura jirgin cikin ruwa, da kanta ta jera kwandunanta a ciki, ta zauna a goshi, ta ce wa matuƙin da ta ɗauka, "Mu je, kasuwa ta fara ci."