Kaset Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Alhamis, sha bakwai ga Agusta, 2023, ƙarfe biyu da minti goma na rana — ya duba agogon hannu, ya duba na bango, sun yi daidai — kuma muryar da ke fitowa daga rikodar nan tasa ce. Tasa. Ba gitar Amaechi ba.

"Shugaban taro, manyan baƙi, iyayen yara..."

Malam Japheth ya kashe. Ya ciro kaset ɗin yana juya shi a hasken taga. Lamba arba'in da ɗaya. Rubutunsa ne, da shuɗiyar tawada, kowane harafi a tsaye kamar ɗalibi a layin safe: Darasin Turanci ta rediyo, aji shida, 1975. Ƙarya ce. Shi ya rubuta ƙaryar da hannunsa, ya kuma shigar da ita a rajistar kaset-kaset ɗinsa, ya ja mata layi da rula. Ba wani darasi a ciki. Abin da ke ciki kiɗan 'Yan Sigina ne, awa guda cur, gaba da baya. Abin da ya kamata a ce yana ciki...

Oluoma za ta zo ƙarfe huɗu.

Ran Litinin ta zo ta durƙusa a nan, daidai bakin tabarmar. 'Yar Amaechi, mai gitar 'Yan Sigina. Goshin uban sak. "Baba, an ce kai kaɗai ka taɓa ɗaukar kiɗansu. Babana tun Ista ɓarin damansa ya shanye, baki ya tafi. Amma yana ji. In aka kunna rediyo sai ka ga yatsun hagunsa suna motsi a kan zane. Ina so ya ji kansa ko sau ɗaya. Ni ma ban taɓa ji ba." Shi kuwa me ya ce? Ya gyara tabarau — ai dole a gyara tabarau — ya ce, "'Yata, a gidan nan ba a ɓatar da abu. Shekara talatin da biyar ina aikin makaranta, ko allo ɗaya bai ɓata a hannuna ba. Ki dawo Alhamis, ƙarfe huɗu."

Me ya sa Alhamis? Me ya hana shi ɗauko kwalin kaset-kaset a take, a sa a ji tare? Ya sani. Alhamis Keziya ke zuwa zumuntar mata, daga biyu zuwa biyar. Shekara saba'in da uku a duniya, arba'in da shida da aure, dattijon ikilisiya, yana jiran matarsa ta fita kafin ya saurari kiɗa. Har batir ya saya a ɓoye, ya sa a aljihun babbar riga.

Ya mayar da kaset. Ya kunna. A bar shi ya tafi, wataƙila minti ɗaya ne kurum, wataƙila kuskuren yatsa ne...

"...domin tarbiyya ita ce ginshiƙin..."

Ba haka yake farawa ba. Da ganga yake farawa, a hankali, kamar jirgin kaya yana tashi daga tasha bai yanke shawarar tafiya ba tukuna. Iyke ke kan ganguna. Sai bes ɗin Adeola, mai kaurin amo, ya shigo ta ƙasa, ba ka jinsa da kunne, a cibiya kake jinsa. Sai a yi ta jira. Amaechi ba ya gaggawa. Yana tsaye ya ba mutane baya, gashi kamar kwando, yana kallon lasifika kamar mai jiran amsa. Sannan ya taka gwangwanin nan.

Gwangwanin taba ne, wallahi, na zagaye. Ya cika shi da kayan cikin matacciyar rediyo, ya haɗa waya daga gita zuwa gwangwani, daga gwangwani zuwa lasifika. In ya taka, gitar ta daina zama gita. Zuma ce ta fashe a cikin tulu. Birkin jirgi ne a kan ƙarfe mai zafi. Sauti ɗaya zai riƙe, ɗaya tak, ya lanƙwasa shi, ya ja shi, har sai ka ji rufin kwano yana nisa da kanka, bangon ɗakin yana numfashi. Waƙa guda minti goma sha biyar, ashirin, kalmomin ba su fi biyar ba. Shi da aka koya wa cewa kowace waƙa baiti huɗu ce da amin... Wa ya taɓa gaya masa sauti yana da launi? A ranar ya ga ruwan goro. Ko ruwan kwalba bai sha ba, ya gani da idonsa.

Ranar Lahadi kuma. Nan ne abin yake. A tashi daga sujada sha biyu, ya ci abinci, ya ce zai je duba ɗan'uwa. Keke daga Samaru har Sabon Gari, rana tana dukan ƙeya. Bayan wani otel kusa da layin dogo, ƙarfe uku zuwa shida, kafin manyan makaɗa na dare su karɓi wurin. Mutum talatin, in an cika arba'in. A bayan ɗakin sigina na jirgin ƙasa suke gwaji, shi ya sa sunan. Sabon Gari na son abin rawa, su kuwa ba a iya rawa da nasu, sai dai a tsaya a rufe ido. Kiɗan 'yan wiwi, in ji mutane. Kiɗan waɗanda yaƙin basasa ya taɓa wa kai. To, ya taɓa. Amaechi ya dawo bayan yaƙi ba uwa ba ƙane, bai taɓa ba da labari ba, sai dai ya taka gwangwani. Wanda ya ji ya ji.

Ba su taɓa buga faifai ba. Sun je Ikko sau ɗaya, aka ce su rage tsawo su ƙara armashi, suka dawo. Shekara uku, aka watse. Adeola ya bi aikin banki, Iyke ya rasu a hanyar Jos. Yau ka tambayi duk Zariya, wa ya san 'Yan Sigina? Yaran jami'a da ke yawo da waya a kunne suna tono tsofaffin kaɗe-kaɗen Turawa, ba su san an yi wanda ya fi su a nan, bayan kasuwa, da gwangwanin taba. Ya fi su. Zai faɗa a gaban kowa... A gaban wa ya taɓa faɗa?

"...mu ja kunnen yaranmu, su guji tara gashi da kaɗe-kaɗen banza..."

Ya runtse ido. Muryar ɗan shekara talatin da uku, cike da kanta, tana jan kowane wasali. Yanzu ya gane wane jawabi ne. Yuli, 1983. Bikin raba kyaututtuka, na farkonsa a matsayin hedimasta. Ya rubuta jawabi shafi goma sha ɗaya, ya so ya ji yadda zai fita a kunnen jama'a. A shekarar aka canja manhaja, darussan rediyo na da suka tashi aiki. Ya buɗe rajista, ya bi layi-layi da jan biro: wannan ya tsufa, wannan ya tsufa, a sake amfani da shi. Ya tara su gefe. Ya ɗauki na sama ya danna jan maɓalli. Da ya gama ya mayar da kowanne gurbinsa, bai sauya rubutu ba, don gwaji ne, ba a shigar da gwaji a rajista.

Rikodar makaranta ce ma ya ɗauka a waccan Lahadin ta 1975, ya naɗe ta a tawul a bayan keke. Ya zauna a benci na gaba, ya ɗora ta a cinya, bai motsa ba awa guda sai don juya kaset. Ya dawo gida ya rubuta mata sunan darasi, don ko wani ya buɗe akwati. Ya ɓoye abin da kyau. Ya ɓoye shi har ga mai ɓoyewar.

Ko kuwa? Tsaya, Japheth. Kai da ka haddace lambar shigar kowane yaro a makaranta, lamba ɗaya ta kuɓuce maka? Arba'in da ɗaya? A watan ne aka sa sunanka cikin waɗanda za a naɗa dattawan ikilisiya. Hannu ya ɗauki na sama... wa ya ɗora shi a sama? Bai sani ba. Da gaske bai sani ba. Shekara arba'in yana wuce kwalin yana jin daɗi a ransa cewa suna nan, kamar mai ajiyar iri a rumbu, bai taɓa buɗewa ba. Tsoron Keziya ne ya hana shi, ko tsoron abin da zai tarar?

Ƙarfe uku saura kwata. Gefen farko ya ƙare a tsakiyar jimla. Bai bar ko numfashi ba.

Ya juya kaset ɗin.

"Shugaban taro, manyan baƙi..."

Sau biyu. Ya yi tuntuɓe a wata kalma a karon farko, sai ya sake daga fari. Mutum mai tsari.

Shagon Amaechi a kasuwar Sabon Gari, layin masu gyaran rediyo, ƙaurin dalma. Wajen 1994. Ya kai makirufon coci gyara, fasto na tsaye a gefensa. Amaechi ya ɗago, gashin ya tafi, murmushin na nan. "A'a, Tisha! Benci na gaba. Kaset ɗin nan yana nan kuwa?" Fasto ya juyo. Shi kuma, da muryar ofis: "Wane kaset?" Amaechi ya dube shi, ya dubi fasto, ya sunkuyar da kai kan aikinsa. "Yi haƙuri, Malam. Na ɗauka wani ne." Ya rufa masa asiri. Daga ranar bai sake ce masa Tisha ba, sai Malam. Shi kuwa ya koma bin ɗaya layin, na masu takalma, ko da ya fi nisa.

Amma Amaechi ya gaya wa 'yarsa. Ko wani ya gaya mata, bayan shi ya gaya wa wanin. Wato duk shekarun nan yana riƙe da cewa akwai.

Me zai ce mata? Damina ta ci shi. Zaren ya tsinke. Kaset mai shekara arba'in da takwas, wa zai yi mamaki? Za ta ce ba komai Baba, ta durƙusa, ta hau Keke Napep ta koma Muchia hannu wofi. Sunansa ya tsira. A gidan nan ba a ɓatar da abu, sai dai damina...

"...na gode da kuka saurare ni."

Ƙas. Shiru mai huci. A karo na biyu ya fi sauri, ya gama kafin zare ya ƙare.

Sai ga ta.

Ba sallama, daga tsakiya, kamar an buɗe ƙofar ɗakin da ake ta kiɗa a ciki tun 1975 ba a daina ba. Gitar tana can sama, sautin nan guda, yana karkarwa, yana hawa, gangar Iyke na bin sa a guje, kwanon rufi na amsawa. Ruwan goro. Yana nan yadda yake. Bai ƙara masa komai a tunani ba, bai yi ƙarya ba, sun kai yadda ya ce, sun fi. Sautin ya karye, ya zubo, ya mutu a hankali. Tafi kaɗan. Sannan wata murya dab da makirufo, ta fi komai ƙarfi don rikodar a cinyarsa take, muryar yaro da numfashi ya ƙare masa: "A sake. Don Allah, Amaechi, a sake. Ban taɓa jin..." Zare ya ƙare.

Ya zauna. Ruwa ya fara ɗiga a kan kwano, bai tashi ya kwashe shanyar Keziya ba.

In zai ba ta wannan, dole ya ba ta kaset ɗin duka. Za su kunna a ɗakin Muchia. Ko ya naɗe zaren ya tsayar daidai wurin, wata rana za su mayar baya, su ji wanda ya hau kai, su ji abin da yake cewa. Amaechi ba ya magana, amma yana ji. Zai gane muryoyin, duka biyun. Ko ya tafi da kansa ne? Ya zauna a bakin gadon ya ce — ya ce me? Da wace murya?

Ya zura biro a ramin kaset ya mayar baya kaɗan. Ya cire agogon hannu ya ajiye a tebur. Ya auna. Ya sake. Sau uku, don awo ɗaya ba awo ba ne. Idonsa na ɓata masa ganin allurar agogon, ya goge da bakin riga.

Huɗu saura minti bakwai. Wani injin ya rage gudu a kan kwana, ko nata ne ko ba nata ba.

Ya buɗe rajista, shafi na uku. Ya ɗauki rula ya soke darasin Turanci da layi ɗaya, yadda za a iya karanta abin da aka soke. Hannun ya gaji, haruffan sun ƙi tsayawa. A ƙasa ya rubuta:

41. 'Yan Sigina, Sabon Gari, 1975. Abin da ya rage: daƙiƙa hamsin da uku. Gita, arba'in da huɗu. Ni, tara.