Akuyar da Na Ce Muna da Ita

Shekara uku ke nan ina aiki a lambun albasa na Elhaji Mansur, a bakin ƙoramar Telwa, bayan garin Agadez. Aikina ban ruwa da cirar ciyawa. A lambunan nan, abin da mutum ya cire da hannunsa daga tsakanin shuka nasa ne, ya kai inda ya ga dama. Ni gida nake kaiwa.

Ba duka ce ciyawar banza ba. A cikin fangalin albasa gasaya takan fito, da rukuɓu, sannan lalo a gefen hanyar ruwa inda motopom, injin ban ruwa, ke zubowa. Ina cira ina warewa, na ci a buhu, saura a kan shinge. Matata Ramata takan dafa gasayar ta zubar da ruwan farko saboda ɗaci, ta matse, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli da gishirin Bilma. Tun da babban ɗanmu Seydou ya tafi haƙar zinariya can arewa, wata goma sha ɗaya ba aike ba waya, wannan ganyen shi ne abincin rana a gidana. Gero sau ɗaya ake taɓa shi a yini. Yara huɗu ne a gabana. Ƙaramar, Hafsatu, ba ta cika shekara biyar ba, kuma gashinta ya fara yin ja. Kullum sai na duba shi, kamar dubawar za ta mayar da shi baƙi.

Ranar farko da Elhaji ya gan ni ina ɗaura buhun a kan keke, a gaban mutane ya tambaye ni mene ne. Kunya ta kama ni, na ce na akuya ne. Akuyar tun bara muka sayar da ita, amma maganar ta zauna. Duk sanda na wuce da buhu sai ya ce in gaida masa gimbiya, wai ta fi shi cin daɗi. Nakan yi dariya.

Wata Litinin ya zo a kan moto da bido ɗaya, wato jarka, da famfon feshi irin wanda ake goyawa a baya. Ya ce maganin ciyawa ne, maƙwabta duk sun koma kansa, yana kashe komai ya bar albasa. Ya ce in kwantar da hankalina, ba korata zai yi ba, sabon fili zai buɗe in riƙa ba shi ruwa. Na ce ina tsoron kada ya ƙona albasar. Ya karanta mini takardar jikin bidon da Faransanci, ya fassara. Na ce ƙasar nan ba ta saba da shi ba. Ya ce za ta saba.

Na roƙi ya bar ni in yi cirar ƙarshe. Na cika buhu biyu, sannan na goyi famfon na bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Gefen hanyar ruwa kawai na tsallake, wajen taki ashirin, inda lalo ya fi yawa.

Bayan kwana huɗu duk lambun ya yi rawaya ban da albasa da wurin nan. Elhaji ya zo tare da wani mai sayen albasa da direbansa. Ya tsaya a kan koren, ya kira ni.

"Issouf, nan fa? Maganin ne ya ƙare?"

Na san lokacin faɗin gaskiya ke nan. Elhaji ba mugu ba ne. Amma baƙin suna kallona, direban ɗan unguwarmu ne, matarsa suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya da Ramata.

"Saboda akuyar ne, Elhaji."

Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. Ya ce ai ko yanzu kada in yarda ta ci na nan, iska ta riga ta kai masa maganin. Sai na tuna jiya daga nan na ciro abin da yara suka ci. Ya ce in fesa shi yanzu, gimbiya kuma shi zai ji da ita. Suna tsaye na fesa.

Washegari ya kawo mini damin harawa babba, busasshen ganyen wake da karansa, mai kyau, irin wanda ake ba ragon layya. Na yi godiya da hannu biyu.

Da na shiga gida da rana, Ramata ta dubi damin, ta dube ni.

"Malam, ba ka gaya masa ba."

Na tambaye ta ko wani cikin yaran ya yi amai ko ciwon ciki, ta ce a'a, ba kowa. Hafsatu ta zagaya damin tana murna, tana tambaya ko akuyarmu ce za ta dawo.

Ramata ta ce mata ta je ta ɗauko faifai. Ta shimfiɗa tabarma, ta kwance igiyar, ta fara tsinke ganyen daga jikin karan ɗaya bayan ɗaya, tana hure ƙasa. Ta ce in ya jiƙa ya daɗe a wuta zai ciwu. Na tambaye ta kwana nawa zai kai mu. Ba ta ɗago ba. Ta ce in koma, lokacin ban ruwa ya yi.